Ɓawo Ya Yi Kauri, Nama Ya Ja Baya

Idan ana maganar yadda masana'antun Kano suka durƙushe, abin da ake ƙirgawa shi ne masaƙun da aka rufe, da injunan da suka yi tsatsa, da wutar lantarkin da ta gagara, da atamfar waje da ta cika Kantin Kwari. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani sauyi da ya faru a bakin ƙofofin kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa wanda ba a cika kawo shi a taro ba, alhali shi ya fi kusa da jikin mutum: abin da lebura yake sa wa cikinsa da rana. A cikin shekara hamsin ɗin nan, abincin ranar ma'aikacin Kano ya tashi daga wake da gero da gyaɗa ya koma fulawa da mai da suga. Babu abin da ya fi nuna wannan ƙaura kamar ɗan curin nan da ake jerawa a akwatin gilashi, mit-fai, wanda ake saye don nama alhali kusan dukkansa ɓawo ne.

Bompai ce babba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama dukiyar gari, ana tara ta dala-dala ana lodi zuwa Legas. A shekarun 1950 da 1960 sai ga injunan matsar man gyaɗa a Bompai, ga majemu, ga masu yin alewa da turare da sabulu da kwanuka, ga masaƙu, daga baya har da kamfanin haɗa kekunan Raleigh. Da kuɗin fetur suka shigo, Bompai ta cika ta batse, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, aka nausa Challawa can gefen kogi, inda manyan majemu suka tare. Waɗanda suka cika wuraren nan yawancinsu 'yan ƙauye ne, 'yan cirani da tsofaffin almajirai. Wani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya yi nazarin rayuwarsu, littafinsa ya fito a 1986, ya nuna yadda suka shigo kamfani da tarbiyyar tsangaya da zumuncin ƙauye. Abin da zan ƙara shi ne sun shigo da cimar ƙauye ma.

Kawuna ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai ina ƙaramin yaro, kuma cimarsa ba ta bambanta da ta abokan aikinsa ba. Da asuba koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya. Idan jiniyar rana ta kaɗa, sai a yi dafifi wajen mata masu abinci a gindin darbejiya: wannan da tukunyar ɗanwake, waccan da garau-garau, wata da dambu da zogale, wata da alale a gwangwani. Masu fura suna gefe da ƙoransu. Ba a cika biya nan take ba. "Iya, zuba min irin na jiya, a ƙara yaji, sai an yi albashi." Ita kuma ta ce, "To ɗan nan, Allah ya kai mu." Lissafinta yana kanta, kuma da wuya a cinye mata. Nama ba kullum ba ne. Ranar albashi ce ranar tsire, a ci rabi a naɗe rabi a kai wa iyali. Wasu manyan kamfanoni suna da ɗakin cin abinci inda ake sayar da shinkafa da miya da yankan nama da rahusa, kuma ma'aikata suna ɗaukar wannan a matsayin haƙƙinsu.

Ba wai zamanin daɗi ne zalla ba. Albashi bai taɓa isar lebura ba, shi ya sa aka yi yajin neman ƙarin albashin da ake kira kuɗin Adebo a 1971. Ƙuda yana sauka a kan abincin, ruwan wanke kwano ba a sauya shi sai ya yi kauri. Amma idan aka ɗora wancan abinci a ma'aunin masana na yau, zai ba da mamaki. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, sinadarin da jiki ke gina tsoka da jini da shi. Gyaɗa ma haka, ƙuli-ƙuli kuwa ya fi, tunda an matse mai an bar tsantsar abin. Gero da dawa da shinkafa suna da nasu furotin, sai dai akwai wani ɓangare nasa da ake kira laisin wanda suke da ƙarancinsa, wake kuma yana da shi a wadace. Inda wake ya gaza, hatsi ya cike. Saboda haka farantin garau-garau, ko koko da ƙosai, ko fura da nono, haɗi ne da ya kusa cika ba tare da an yanka ko kaza ba. Ga ganyen zogale da kuka da rama, ga ragowar dusar da surfen turmi ba ya iya cirewa kakaf, wadda ke sa abinci ya daɗe a ciki, ƙarfi ya riƙa fita a hankali har la'asar.

Kada kuma a ɗauka alkama baƙuwa ce a Kano. An daɗe ana noma ta a fadamu lokacin sanyi, kuma Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna a cikin birni, wajen Dandalin Turawa da Alfindiki, su ake danganta wa gurasa da alkubus. Gurasa abin a tsaya a kanta ce, domin ita ce amsar da Kano ta daɗe da ba wa mai son abin da zai riƙe a hannu ya ci a tsaye. Kwaɓinta ba ya shan mai, a tanderu ake gasa ta. Idan aka yi bandashe, aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli da yaji, aka yanka albasa da tumatur, aka ɗiga man gyaɗa, an haɗa hatsi da gyaɗa da kayan lambu a lokaci guda. Idan aljihu ya yarda aka sa tsire ko balangu, magana ta ƙare. Naman kuma a fili yake. Mai saye yana kallon abin da aka yanka masa, yana iya cewa, "Haba sarkin fawa, ƙara min tsoka." Wannan gani da ido shi muka rasa daga baya.

Abin da ya sauya lissafi farar fulawa ce ta inji. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa a 1962 da alkamar da ake saukewa daga jiragen ruwa, a 1971 kuma aka kafa Northern Nigeria Flour Mills, wanda injinsa ke nan Bompai. A shekarun da suka biyo baya naira tana da ƙarfi, alkamar waje ta fi ta gida araha, gidajen burodi suka yaɗu, mai shayi ya kafa teburinsa a ƙofar kowane kamfani. Burodi ya dace da rayuwar agogo: ba ya son wuta, ba ya son kwano, mai aikin dare yana iya cusa shi a aljihu. Wasu masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi a 1985 suna kwatanta al'amarin da tarko, domin ƙasa ta koya wa bakinta abin da gonarta ba za ta iya ba ta ba. An gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, aka shimfiɗa noman rani a Kadawa da Kura da fatan alkamar gida za ta rufe giɓin. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, burodi ya yi tashin gwauron zabo, zuwa 1992 aka janye hanin. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje ake kawo ta.

A kan wannan fulawar mit-fai ya hau. Asalinsa girkin Turawan Ingila ne, kuma ya fara zama a Najeriya ta manyan kantuna irin su Kingsway. Kamfanin UAC ya fito da Gala a 1962, ya buɗe gidan abinci na Mr Bigg's a 1986, mit-fai ya zama abin da ɗan boko ke saya wa yara ranar Sallah. Lebura bai sa shi a lissafi ba a lokacin, abin marmari ne na masu aikin ofis. Saukowarsa titi ta zo daidai da lokacin da kamfanoni suka fara sallamar ma'aikata, bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Magidanta suka zauna a gida, matansu suka nemi sana'a. Wadda ta iya kwaɓi sai ta zuba yashi a gindin tukunya ta mai da ita abin gashi, ta yi mit-fai da samosa da fanke da cincin, ta ba yara su kai bakin kamfani. Da wannan sana'a aka biya kuɗin makarantar yara da yawa a garin nan, kuma ina girmama matan da suka riƙe gidaje da ita.

Akwai wasu mutane masu nisa da mu da su ma suka naɗe nama a cikin kwaɓin alkama don mai aikin ƙarfi, kuma labarinsu yana nuna cewa siffar abincin ba ta da laifi. A 1763 sarauniyar Rasha, Katarina ta Biyu, wadda ita kanta Bajamushiya ce, ta yi shelar gayyatar manoma daga Turai su zo ƙasarta, da alkawarin gona da 'yancin addini da ɗauke musu aikin soja. Dubban Jamusawa suka amsa, suka kafa ƙauyuka a gaɓar kogin Bolga kusa da Saratof, wasu daga baya suka zauna a gefen Bahar Aswad. Sun haura shekara ɗari suna riƙe da harshensu, amma girkinsu ya ɗebi na maƙwabta. Daga nan suka fito da abin da suke kira birok: kwaɓin burodi mai yis, a cika shi da niƙaƙƙen naman shanu da kabeji da albasa, a manne bakin a gasa. Da aka fara janye musu alkawuran nan a shekarun 1870, aka ce su ma za su shiga soja, da yawa suka tsallaka Amurka, suka sauka a Kansas da Nebraska da Dakota, wasu suka nufi Ajantina. Na Bolga da suka rage, Stalin ya kwashe su zuwa Saiberiya da Kazakistan a 1941. Birok ya bi masu hijira. Shi ake kai wa masu girbi gona da tsakar rana, da ɗuminsa. A 1949 aka buɗe shagon Runza na farko a birnin Lincoln na Nebraska, yana sayar da irin wannan gashi, kuma har yau yana nan da rassa da yawa.

Wani zare ma ya haɗa mu da su. Ana danganta shigar wani irin jar alkama mai jure sanyi cikin Kansas da wani rukuni na waɗannan Jamusawan Rasha, 'yan ɗariƙar Menonayit da suka isa a 1874. Irin ya mamaye filayen tsakiyar Amurka, daga tsatsonsa aka samu alkamar burodin da Amurka ke sayar wa duniya, kuma Najeriya ta daɗe cikin manyan masu sayenta. Yana yiwuwa fulawar da aka kwaɓa a Sharaɗa da wadda aka yi birok da ita a Kansas gonarsu ɗaya. Inda muka rabu da su shi ne wajen rabo tsakanin ɓawo da ciki.

Birok na gida ɓawonsa burodi ne, man da ke jikinsa kaɗan ne, cikinsa kuma a cike yake taf. Dafaffen naman shanu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne mai cikakken inganci, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe irin wanda hanji ya fi saurin tsotsa, da zinki, da bitamin B12 wanda ba a samu a hatsi ko wake. Kabeji yana kawo harza da bitamin, yana ƙara auki ba tare da ya ƙara maiƙo ba. Mutum ya ci biyu ya sha ruwa, ya yi abincin rana na gaske. Yana da nasa aibin: gishiri yakan yi yawa, naman kan zo da kitse, kuma 'yan uwansu na gefen Bahar Aswad suna da wani nau'in da ake tsomawa a tafasasshen mai, wanda ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Abinci ne da aka tsara wa mai yini yana ɗaga dami, ba zai dace da mai zaman kujera kullum ba. Amma abu guda ya tsare shi. Wadda ta kwaɓa, mijinta da 'ya'yanta ne za su ci, kuma saniyar da kabejin daga gonarsu suka fito. Ba ta da dalilin rage cikin.

Yanzu a ɓare namu. Kwaɓin mit-fai na bota ne. Ƙa'idar masu gashi ita ce bota ta kai kusan rabin nauyin fulawa, don ɓawon ya yi garɗi ya riƙa marmashewa a baki. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Idan aka ɗauki giram 60 na fulawa da 30 na bota, ɓawon kaɗai ya haura kalori 400, kusan rabinsu daga maiƙo, furotin ɗinsa kuma bai wuce giram 6 ko 7 ba. A ciki me za a tarar? Dankalin Turawa, wanda shi ma sitaci ne, 'yan ƙwayoyin karas, romon da aka ɗaure da wata fulawar, magi, sai nama, wanda a na bakin titi sau da yawa bai fi cokali guda ba. Cokalin niƙaƙƙen nama ba zai ba da fiye da giram 3 zuwa 4 na furotin ba. A haɗa duka, da ƙyar a haura giram 10. Namiji mai nauyin kilo 65 yana buƙatar sama da giram 50 a yini ko da zaune yake, balle mai ɗaukar ɗanyar fata a Challawa ko mai lodin buhuna a Sharaɗa. Gwangwanin madara guda na busasshen wake, furotin ɗinsa ya ninka na wannan mit-fai fiye da sau biyu. Sannan a kora mit-fai ɗin da lemon kwalba. Sugan zai ba da ƙarfi nan take ya tafi nan take, maiƙon zai kwanta a ciki mutum ya ji kamar ya ƙoshi, amma abin da tsoka ke nema ta gyara kanta bayan wahala bai shiga ba.

Ita farar fulawar an riga an raba ta da dusa da ƙwayar tsiro tun a inji, inda yawancin amfanin alkama yake, an sayar wa masu kiwo. Tun 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da suga da man girki, kuma aiki ne mai kyau, sai dai bai mayar da dusar ba, bai ƙara furotin ba. Sai batun bota. Wasu nau'o'in botar gashi masu araha suna ɗauke da wani mugun maiƙo mai toshe hanyoyin jinin zuciya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kiran a kawar da shi. A 2023 aka sanar da dokar hukumar NAFDAC da ta ce kada ya wuce giram 2 a kowane giram 100 na mai. Dokar za ta iya kama babban kamfani mai hatimi a jikin kayansa, amma ba ta san hanyar shagon da ake auno bota a leda daga buɗaɗɗen bokiti ba. Gishiri ma abin da ake so kada babba ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Tsakanin magin mit-fai da indomin mai shayi, an kusa cinye wannan tun kafin a zo tuwo.

To me ya sa lebura ke saye? Ya san daɗin ɗanwake sarai. Lokaci ne ya fi ƙarfinsa. Ma'aikacin da aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila, ake biyansa kullum ko mako-mako, ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa a kan hutun rana, kuma 'yan mintocin da ya samu sai ya raba su tsakanin alwala da sallar azahar da ci. Ɗanwake yana son zama da jira a tsamo, mit-fai kuwa ana cinsa ana tafiya. A da mai aiki a Bompai yana zaune a Gwagwarwa ko Tudun Wada ko Dakata, ya taka ko ya hau keke, wani ma yaro ke kawo masa langa daga gida. Yau mai aiki a Challawa yana iya fitowa daga Kurna ko Rijiyar Lemo tun duhun asuba, kuɗin adaidaita sahu ya cinye na kalaci. Bashin Iya kuma ya mutu. Ba za ta zuba wa wanda ba ta da tabbacin zai kai jibi a bakin aiki ba, ita ma da kuɗi a hannu take auno wakenta.

Mai gashin ita ma a matse take. Mai saye ya saba da farashi guda, idan ta ƙara zai wuce. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashin alkama a duniya, cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira suka ɗora nasu, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma ba kowane lebura ne ya gan shi a hannunsa ba. Me za ta rage? Girman ba zai taɓu sosai ba, ido zai gani. Abin da ke ɓoye shi ake ragewa, kuma shi ne mafi tsada, shi ne mafi amfani. Haka nama ya riƙa ja da baya cokali-cokali, dankali yana maye gurbinsa. Ba zan kira wannan ha'inci ba, domin na san yadda ake kwana ana lissafin kuɗin gawayi, amma illarsa a jikin mai ci ɗaya ce ko da niyya ko babu. Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa wannan ƙasar kasuwannin shanu ce irin su Wudil da Dambatta, ƙasar mahauta da kilishi, kuma fatun da ake jemewa a Challawa har Italiya da Sifen suke zuwa a yi takalma da jakunkuna. Mai jeme fatar ba ya iya sayen naman da aka feɗe ta daga kansa. In ya samu ganda a miya ya gode Allah, ita kuwa ganda furotin ɗinta ba mai cikakken inganci ba ne.

Mata kuma yanzu sun yi yawa cikin ma'aikatan, kuma su suka fi damuna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kuma fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Mai ciki ko mai goyo da ta yini a tsaye a kan fanke da lemo, ba ita kaɗai ke asara ba. Abin da iyaye suka saba saye a bakin kamfani kuma shi suke riƙo wa yara tsaraba, bakinsu ya tashi da shi, su raina dambu.

Sauyi guda da nake murna da shi shi ne awara. Iyayenmu ba su tashi da ita ba. Ta yaɗu ne bayan da aka yi ta koya wa mata sarrafa waken suya a gida daga shekarun 1980, yau kuma ko'ina za ka ga kaskonta. Waken suya ya fi wake furotin, yana haura kashi 35 cikin 100, ingancinsa kuma ya kusa na nama. Ana cin awara a tsaye da tsinke, ta amsa matsalar lokaci ba tare da ta yaudari ciki ba. Da za a riƙa sauya man suyarta, da ban ga abin hannu a titin Kano da ya kai ta amfani a kan kuɗinta ba. A Sharaɗa ma kamfanin Dala Foods ya daɗe yana sa garin kunun tsamiya a leda, alamar cewa gero ma yana shiga inji.

Abincin da ake riƙewa a hannu ya zauna ke nan, ba mai korarsa. Amma ana iya cika cikinsa ba tare da an ninka farashi ba. Masu birok da kabeji suka ƙara auki, mu kuwa muna da kabejin a lambunan Kura da Kadawa lokacin sanyi, muna da wake da zogale da awara da busasshen kifi. Kwaɓin yis irin na gurasa ba ya cin ko rabin botar da ɓawon mit-fai ke ci, kuma bota ta fi fulawa tsada; kuɗin da aka rage a nan ana iya mai da shi ciki. Masana abinci na Jami'ar Bayero da ta Wudil za su iya auna haɗin da ya fi amfani a kan kuɗi kaɗan, a koya wa mata ta rediyo.

Sai dai girki kaɗai ba zai gyara abin da albashi da agogo suka ɓata ba. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana da rassa a yankunan nan, kuma abin da aka fi ji daga gare ta maganar wuta ce da haraji, kamar yadda 'yan ƙwadago suka fi magana a kan kuɗi. Ina so a sa abincin rana a takardar yarjejeniya. A ba da hutun da zai ishi mutum ya yi sallah ya zauna ya ci, har da wanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila. A yi rumfa mai famfo a harabar kamfani, inda masu ɗanwake da garau-garau za su ɗora tukunya. A raba wa ma'aikata tikitin abinci, kamfani ya biya matan kai tsaye a ƙarshen wata, ta yadda mai abinci za ta sake iya zubawa ba tare da fargabar kuɗinta ba. Masana'antar da ke sayen dizal tanka-tanka don injinta ya juya za ta iya ɗaukar kuɗin 'yan buhunan wake da shinkafa a wata don mutanen da ke tsaye a gaban injin.